Kira Uku Babu na Huɗu

Yayana ya yi shekara talatin da huɗu yana masinja a kotu, kuma a duk shekarun nan babban aikinsa ɗaya ne, kiran suna. Ƙarfe tara daidai zai tsaya a bakin ƙofar ɗakin shari'a da takarda a hannu, takalminsa yana ƙyalli. Ya ce a tashi, a tashi. Alƙali ya zauna, ya ce a zauna, a zauna. Daga nan sai ya juya wajen baranda ya kira sunan mai ƙara, sau uku a jere, numfashi ɗaya tsakanin kira da kira. In an amsa ya ce, "Shigo." In ba a amsa ba ya juyo ya ce, "Ranka ya daɗe, babu shi," ya ja layi a kan sunan da jan biro, ya wuce na gaba. Ba ya leƙa bayan gini, ba ya tambayar ko mutum ya zaga ne. A cewarsa wannan ba aikinsa ba ne. Ma'aikatan wurin har suna suka laƙaba masa, Sau Uku, shi kuwa yabo ya ɗauke shi.

Ni ce autar gidanmu, shekara goma sha ɗaya ya ba ni. Ɗinki nake yi, shagona yana ƙarƙashin benen da yake zaune, don haka in na ce na san shi, to na san shi. Ba ya ƙarya, ba ya latti, ba ya cin haƙƙin kowa, kuma zama da shi sai mai haƙuri. Halin kotun nan bai taɓa barinsa a kotu ba, da shi yake dawowa gida kamar yadda yake dawowa da lemarsa. Matarsa, Allah ya jiƙanta, in tana kicin famfo yana zuba ya kira ta sau uku ba ta ji ba, shi ke nan, ya haƙura da abin da yake so, ya yini fuska a ɗaure. Sai da yamma ta gane an kira ta da safe.

Ɗa ɗaya Allah ya ba su. Uwarsa ce ta sa masa Tsinke, don yana ƙarami iska ma sai ta so ta ɗauke shi. Burin Yaya bai wuce ya ga yaron nan ya zama lauya ba. Ya gaji da ganin lauyoyi suna wucewa ta gabansa da baƙaƙen riguna, ba ko sannu, yana so wata rana ɗaya daga cikinsu ya zama nasa. Tsinke ya shiga karatun, ya yi shekara biyu. Bayan rasuwar uwarsa sai ya ajiye, ya kama aiki a wani babban shagon kafintoci. Ina wurin ranar da ya faɗa wa ubansa.

"Baba, ni hannuna ne mai basira, ba bakina ba."

Yaya bai yi faɗa ba, bai ɗaga murya ba. Kalma ɗaya ya faɗa.

"Fita."

Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Tsinke ya ɗauki jakarsa ya fita.

Bayan mako guda, ranar Litinin da yake hutun aiki, ƙarfe tara na safe, Yaya ya sauko shagona da waya a hannu. Ya kira lambar yaron, ba a ɗauka ba. Ya sake, ya kuma sake, duk a cikin minti biyu. Sai ya ciro ɗan littafin da yake rubuta lambobi, ya ja jan layi a kan sunan ɗansa, ya ce, "Auta, ki zama shaida, na kira." Na ce, "Yaya, a wurin aikinsu a akwati suke ajiye waya saboda injina, sai an tashi hutun rana." Ya yi kunnen uwar shegu da ni. Da rana kuwa sai ga wayar tana ƙara a kan teburin yankana, sunan yaron ɓaro-ɓaro a jiki. Ya dube ta har ta gaji ta yi shiru.

"An wuce wannan," in ji shi.

Haka aka yi shekara shida. Tsinke ya yi aure, ni na je, ubansa bai je ba. Aka haifi 'yar mace, ni na ɗinka mata rigarta ta farko. Babu irin maganar da ban yi ba. Na ce hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Ya ce shi bai yanke komai ba, ya kira ba a amsa ba. Na je wajen ɗan, shi ma ya ce ya kira ba a ɗauka ba. Daga ƙarshe na tattara su na ajiye, na ci gaba da taka kekena.

Da Yaya ya yi ritaya sai ya rasa inda zai sa kansa. Wata uku yana zaune a shagona yana gyara mini yadda nake jera zare. Rannan ya shigo da wani littafi mai koren bango, ya ce ya shiga ajin koyon Latin. Na ce na me? Ya ce Latin, harshen da lauyoyi ke jefa wa juna a gaban alƙali. Ashe akwai ranar da ya tambayi wani ƙaramin lauya ma'anar wata kalma, lauyan ya yi dariya ya ce ya je ya kira na gaba. Shekara ashirin abin yana cinsa a rai bai faɗa wa kowa ba. Na ce, "To Yaya, yanzu su wa ke magana da shi?" Ya ce babu, duk sun mutu. Na ce madalla, ka samu mutanen da ba za su taɓa ba ka amsa ba, sun dace da kai. Bai yi dariya ba, ya ce gemu ba ya hana ilmi.

Ajin yana saman ɗakin karatu na unguwa, Talata da Alhamis ƙarfe huɗu na yamma. Su bakwai ne, har da wata mai kemis da ke son gane rubutun jikin kwalaben magani. Malaminsu tsoho ne tukuf, ya fi Yaya shekaru, yana sa wata 'yar na'ura a kunne don ba ya ji sosai. Ni ban taɓa taka ajin ba, amma na san shi ciki da bai, domin a shagona ake bita. Ni nake riƙe littafin in duba amsoshin da ke baya, allura a baki, shi yana tsaye yana karantowa.

Wata Talata, bayan ya tafi aji, Tsinke ya shigo. Dama lokacin yake zuwa. Ya zama ƙato, sunan ne kawai ya rage. Ya zauna a kan bencin kwastomomi yana murza hularsa, ya ce ya samu aiki a wata masana'antar kujeru a wata ƙasa mai nisa, shekara biyar, da matarsa da 'yarsa za su tafi. Asabar ta sama za su tashi.

"Ki faɗa masa, Gwaggo, in kin ga dama."

"Kai ba ka da ƙafa? Ga matakala nan."

"Shi ya ce in fita. Bai ce in dawo ba."

Na faɗa wa Yaya da yamman nan. Ya ce, "Allah ya kiyaye hanya," ya buɗe littafinsa. Gaskiya na ji tsoro. Mutumin nan shekararsa sittin da takwas, kullum da safe sai ya haɗiyi ƙwayar hawan jini. Shekara biyar ba kwana biyar ba ce. Na san in suka rabu a haka, to sun rabu ke nan, kuma jikar da bai taɓa gani ba za ta girma ba ta san muryarsa ba.

A makon da ya biyo baya aka kai su darasin kira da umarni, kuma nan Yaya ya samu abin da ya iya. Ya yi mini bayani yana ta jin daɗi. Wai a Latin in za ka kira mutum, wani lokaci sai ƙarshen kalmar ya canza. Aboki amicus ne, amma in kiransa za ka yi sai ka ce amice. Ɗa filius ne, in kira ne sai ka ce fili. Na ce to ni fa? Ya ce 'yar'uwa soror ce, ko an kira ta ko ba a kira ta ba. Na ce ai dama, ni ba a taɓa canza mini komai ba a gidan nan. Sai umarni. Surge, tashi. Sede, zauna. Tace, yi shiru. Veni, zo. Audi, saurara. In mutane da yawa ne, surgite, sedete, tacete. Wallahi a yini ɗaya ya haddace su, ai abin da ya yi shekara talatin da huɗu yana faɗa ne aka sauya wa riga. Ya tsaya a tsakiyar shagona ya buga "Surgite!" sai da wata mata da ta zo awo ta miƙe zumbur, ba ta ma san me aka ce ba.

Aikin gida ne ya ba shi wuya. Malam ya ce kowa ya rubuta layi biyar, ya kira mutum biyar na gidansu, ya ba kowa umarni ɗaya. Yaya ya zauna a ƙarshen teburina ya rubuta na farko nan take: soror, tace. Na ce na gode. Sai ya tsaya. Biro a hannu, layi huɗu fanko. Na ce ya sa kyanwar maƙwabta, ita ma kusan 'yar gida ce. Can na ga ya rubuta fili a layi na biyu, ya sa waƙafi, ya daɗe yana kallonsa. Bai rubuta komai a gaba ba. Ya ninke takardar ya sa a aljihu ya hau sama.

Ranar Alhamis, saura kwana biyu tafiyar, ya dawo daga aji tun kafin ƙarfe biyar da rabi, yana huci. Ya ajiye littafin da ƙarfi har almakashina ya faɗi.

"An ci mutuncina, Auta."

Ga abin da ya faru. Gwajin baki aka yi. Malam ya tsaya can wajen taga ya juya musu baya, kowane ɗalibi zai tashi ya kira shi da Latin ya ba shi umarni, in ya juyo ya aikata, ka ci. Da aka zo kan Yaya, ashe na'urar kunnen malam ta fara ƙara, ya cire ta yana gogewa da gefen rigarsa, babu wanda ya lura. Yaya ya miƙe, ya gyara tsayuwa, ya buga, "Magister, audi!" wato malam, saurara. Shiru. Ya ja numfashi ya sake. Shiru. Ya yi na uku. Sai ya juyo ga 'yan aji, ya ce, "Babu shi," ya zauna.

Ajin ya kwashe da dariya, har da masu riƙe ciki. Ga mutum tsaye ƙato da shi a gaban taga, an ce babu shi. Mai kemis ce ta tashi a bayansa. Ta kira sau ɗaya, da ta ga bai motsa ba sai ta taka har wurinsa, ta taɓa hannun rigarsa, ta faɗa a hankali kusa da kunnensa. Malam ya juyo. Da aka ba shi labari ya mayar da na'urarsa, ya dubi Yaya ta saman tabarau.

"Ni ne babu ni?"

"Malam, na kira sau uku. Ƙa'ida ke nan."

"Ƙa'idar wa? Nuna mini shafin. Lafazinka ya fi na kowa a ajin nan, amma ban ji ka ba, to ba ka kira ni ba. Ka ga ban juyo ba, ƙafarka ciwo take yi? Ka faɗi. Ka sake ranar Talata."

Na yi dariya har allura ta soke ni. Yaya yana tsaye yana jira in taya shi jin haushi. Da na gama, na tsotse yatsana, na ce, "Yaya, a shekara talatin da huɗu, mutum nawa ka ce babu su alhali suna nan?"

Na ɗauka zai yi fushi ya hau sama. Sai ya zauna a kan benci. Ni kuma na ci gaba da kalmasa bakin wani siket.

"Akwai wata tsohuwa," in ji shi. "Maganar gida ce, wai za a fitar da ita. Na kira sau uku, aka kori ƙarar. Da aka tashi ina rufe tagogi sai na gan ta a ƙarshen baranda, a zaune da takardunta a leda. Tun bakwai na safe take wurin. Ta ce, ɗana, yaushe za a kira ni? Sai da na ɗaga murya kafin ta ji amsata."

"Me ka ce mata?"

"Na ce an wuce."

Ya ɗauki littafinsa ya hau.

Washegari Juma'a, ƙarfe takwas da kwata, ya sauko cikin rigar da yake zuwa kotu da ita, takalmi ya sha gogewa, jan biron nan a aljihun gaba.

"Auta, rufe shagon."

Ina da ɗinki uku da na yi alkawarin bayarwa ranar, amma na rufe. Muka shiga bas. Bai tambaye ni hanya ba, ashe ya san wurin, har ya san tashar da ake sauka. Ban tambaye shi yadda aka yi ya sani ba.

Shagon kafintocin doguwar rumfa ce ta kwano, ƙofarta a buɗe wangalau. Katakai a jingine har sama, ƙasa duk garin katako, ga warin gam da fenti. Injin yanka yana ta kururuwa. Can ciki na hango Tsinke, ya ba mu baya, abin toshe kunne a kansa, yana tura wani dogon katako cikin injin. Ranar ce ta ƙarshe gare shi a wurin. Yaya ya tsaya a bakin ƙofa, daidai inda siminti ya ƙare garin katako ya fara. Ya duba agogo. Saura minti uku tara, kuma wallahi sai da ya jira su.

Ya kira cikakken sunan ɗansa, har da na uba, yadda ake kiran mai ƙara. Ma'aikata biyu da ke kusa suka ɗago kai. Tsinke bai juyo ba. Yaya ya ja numfashi ya sake. Har mai fenti da ke ƙarshen rumfa ya waiwayo. Ya yi na uku. Tsinke ya ɗauki wani katakon ya ɗora a kan injin.

Yaya ya juya. Na ga hannunsa ya tafi aljihun gaba da kansa. Ya wuce ni ya nufi bakin titi, tafiyarsa ta kullum, ba sauri ba nawa. Ban tare shi ba. Shekara shida ina magana, ta ishe ni. Na bi shi a baya ina lissafin ɗinkin da na bari.

A bakin get ya tsaya. Bas ta zo, ta tsaya, ta tafi. Sai ya ciro biron ya miƙo mini.

"Riƙe mini wannan."

Ya koma. Wannan karon bai tsaya a kan siminti ba, ya shiga, garin katako ya rufe takalmin da ya ɓata safiya yana gogewa. Ya ratsa tsakanin tebura, ya kauce wa wata wayar lantarki da ke ƙasa, har ya isa. Ya ɗaga hannu, ya ɗan yi jim, sannan ya ɗora a kafaɗar ɗansa. Ina bayansa da taku biyu, don haka na ji. Muryar da ke tayar da ɗaki guda ba ta fito ba, wata 'yar ƙarama ce ta fito.

"Tsinke."

Yaron ya kashe injin. Ƙarar ta yi ta raguwa har ta mutu. Ya cire abin kunnensa, ya juyo, idanunsa jajur.

"Tun na farko na ji ka, Baba. Muryarka ai ko inji ba ya rufe ta. Ƙirgawa nake yi, in ga ko akwai na huɗu."

Duk Latin ɗin da Yaya ya haddace, da duk Hausar da aka haife shi da ita, babu wadda ta zo. Ni kuwa kuka nake yi, ba na ɓoyewa, da jan biro a hannu kamar wata sakarya. Tsinke ya jawo wata kujera da ba a gama ba, ko fenti babu, ya kaɗe ta da hularsa.

"Zauna, Baba."

Ya zauna.

Tafiya dai ba a fasa ba. Ranar Asabar Yaya ne ya ɗauki jikarsa a kafaɗa har tasha, tana ja masa kunne yana ƙyale ta. Ranar Talata ya sake gwajin ya ci, ko da yake malam ya rage masa maki don aikin gidansa layi biyu ne maimakon biyar. Na ga takardar, a gaban kalmar fili ya rubuta redi, ya ce ma'anarsa dawo. Biron yana cikin gwangwanin maɓallaina, bai tambaya ba. Kowace Lahadi yakan sauko shagona ya kira su, don wai a sama waya ba ta kamawa sosai. Lokacinmu da nasu ba ɗaya ba ne, sau da yawa ba a ɗauka da wuri. Lahadin da ta wuce ina yanka ina ƙirgawa, sai a na tara aka ɗauka.